Tarin da ba tibi ba: yadda ake gano ciwon huhun beriliyam

Aikina a sashen masu ciwon ƙirji ne a nan Katsina, kuma mafi yawan wanda ya zo mana da tari na tsawon makonni, da rama, da zufar dare, tarin fuka ne, wato tibi. Don haka matakin farko ba ya canzawa: a kai kaki a yi gwajin GeneXpert mai gano ƙwayar tibi, a ɗauki hoton ƙirji. Kada kowa ya tsallake wannan. Damuwata tana kan mutumin da gwajinsa ya fito babu tibi, ko wanda ya shanye maganin wata 6 amma har yanzu in ya taka daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya huta.

Irin wannan mutum, abin da nake fara tambayarsa shi ne: "Malam, wace sana'a ka yi a rayuwarka?" Ba ta yau kaɗai ba, har wadda ya bari tun yana saurayi. Abin da nake nema shi ne ko ya taɓa shaƙar beriliyam, wanda ke jawo ciwon huhu. Beriliyam ƙarfe ne mara nauyi da ake gauraya shi da jan ƙarfe a cikin kayan lantarki, da sifirin, da wasu kayan jiragen sama, da wasu haƙoran roba masu ƙarfe a ciki. Riƙe shi a dunƙule ba shi ne haɗarin ba. Ƙurarsa da hayaƙinsa ne, lokacin da ake gurza shi, ko narka shi, ko walda. Shi ya sa nake sa ido a kan 'yan gwangwan da ke ƙona kayan wuta don ciro jan ƙarfe, da masu narka shi, da masu haɗa haƙora. Ciwon kan ɓoye shekara 10, 20, wani lokaci fiye, kafin ya bayyana, mutum ya riga ya manta da aikin. Ina tambayar matan gida ma, domin an samu waɗanda suka kamu ta hanyar wanke tufafin aikin mazajensu. Kafin ka je asibiti, rubuta duk ayyukan da ka yi da shekarunsu a takarda, ka miƙa wa likita ko bai tambaya ba.

Dalilin wannan nacin shi ne, a hoto da ma a madubin ɗakin gwaji, ciwon nan tamkar tagwaye yake da wata cuta mai suna sakoidosis. Haka ya ruɗa likitoci a Amurka har 1946, lokacin da Dokta Harriet Hardy ta bayyana shi a jikin ma'aikatan wata masana'antar ƙwan fitila a Massachusetts. Idan ba a san sana'ar mutum ba, ba wanda zai yi tunaninsa.

Hoton ƙirji na yau da kullum kan iya fitowa lafiya lau a farkon ciwon, saboda haka ka nemi a tura ka hoton siti (CT, mai nuna cikin huhu dalla-dalla), da gwajin hura iska wanda ke auna ƙarfin huhu da yadda iska ke ratsawa zuwa jini. Asibitin koyarwa ne wurin waɗannan, nan Katsina ko Kano.

Gwajin da ke raba gardama kuwa na jini ne, sunansa BeLPT. Ana ɗebe fararen ƙwayoyin jini a haɗa su da beriliyam, a ga ko za su yi ta hayayyafa. In sun yi, jiki ya riga ya san ƙarfen, ya ɗauke shi abokin gaba. Sakamako ɗaya ba ya isa, ana so a maimaita. Ko a Amurka ɗakunan gwaji ƙalilan ne ke yin sa, irin na National Jewish Health da ke Denver, kuma dole jinin ya isa da wuri tun ƙwayoyin suna raye, don haka likita ne zai tsara yadda za a aika. Sannan jinin kaɗai ba ya nufin huhu ya kamu. Tabbaci na ƙarshe sai an zura siririn bututu mai kyamara ta hanci ko baki, a wanko huhu, a gutsuro ɗan nama a duba ko akwai ƙananan ƙulluttukan da ciwon ke yi. Gwajin manna ƙarfen a fata kuwa an guje masa, domin shi kansa yana iya jawo wa mutum matsalar.

Abu ɗaya nake roƙo da babbar murya: kada ka sayi firedinisolon a kemis don ka ji ana ba masu wannan ciwon. Gaskiya ne da shi ake rage kumburin, amma in ashe tibi ce ke ɓoye, maganin zai karya garkuwar jiki ta samu filin yaɗuwa. Kafin sakamako ya fito, ka bar wurin ƙurar, ka daina sigari, abokan aikinka da kuka shaƙi hayaƙi ɗaya su ma su zo a duba su.