Yadda Ake Haɗa Harsashi Mai Dogon Kai Don Bindiga Mai Ɗura Kanta

Masu harbin nesa a inda doka ta yarda a haɗa harsashi da hannu suna son dogon kai mai nauyi (kai shi ne ɓangaren harsashi da ke fita daga bindiga), domin iska ba ta saurin kautar da shi. Matsalar ita ce, a bindiga mai ɗura kanta magazin, wato gidan da ake jera harsasai, ne ke yanke tsawon harsashi. A bindigar AR-15 mai cin harsashin .223 Remington, harsashi ba zai wuce inci 2.260 ba, wato kusan milimita 57.4. Duk abin da kai ya ƙara na tsawo, cikin kwanso, wato gwangwanin harsashin, zai nutse, ya cinye wurin albarushi.

Fara da zaɓen kai. Kai samfurin Sierra MatchKing mai nauyin giren 77 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne) an ƙera shi ne don ya shiga magazin. Ɗan'uwansa mai giren 80 kuwa hancinsa ya yi siriri da tsawo. Idan ka tura shi zuwa 2.260, lanƙwasar hancin za ta faɗa cikin wuyan kwanso, wuyan ya rasa abin riƙewa. Irin wannan ana barinsa da tsawonsa, a riƙa saka shi ɗaya-ɗaya da hannu. Ka duba murɗin zanen cikin bututun bindigarka ma. Kai mai giren 77 yana buƙatar zagaye ɗaya a inci 8 ko 7. Murɗin da ya fi haka sanyi yakan bar shi yana tangaɗi, har ya huda takardar saiti a kwance.

Sai kwanso. A wanke, a shafa mai, a matse shi gaba ɗayansa. Matse wuya kaɗai dabara ce ta bindigar da ake jan sakatarta da hannu. A mai ɗura kanta kuwa, sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu, da ƙarfin sifirin take rufewa, ba ta da haƙurin kwanson da ya kumbura. Ka mayar da kafaɗar kwanson baya da inci 0.003 zuwa 0.004 daga yadda ya fito bayan harbi. In bai kai haka ba sakata na iya ƙin kulluwa, in ya zarce sosai kwanson zai riƙa miƙewa har wata rana ya tsinke kusa da gindi. Auna tsawo: iyakar .223 inci 1.760 ce, ana datse shi zuwa 1.750. A ɗan fere bakin daga ciki don kada ya kankare jikin kai.

Firaima, wato ɗan hular da ke tayar da wuta, dole ta nutse ƙasa da gindin kwanso kaɗan. Shafa da ɗan yatsa, za ka ji ɗan rami. Allurar bugun AR-15 sake take, babu sifirin da ke tare ta, shi ya sa takan bar ɗan tabo a firaima duk lokacin da sakata ta rufe. Firaimar da ta tsaya a sama na iya tashi tun kafin a taɓa kunama. Firaima masu kauri irin CCI No. 41 don wannan aka yi su.

Adadin albarushi kuma daga littafin ma'auni ake ɗauko shi, na wannan kai ɗin da wannan tsawon, ba na wani mai nauyi ɗaya da shi ba. Fara daga mafi ƙanƙanta, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kana auna kowane zubi a sikeli. Kai da ya nutse ya rage fili, kuma albarushin da ya matsu sosai yakan turo kai waje bayan kwana ɗaya ko biyu, sai ka ga harsashin da ka auna jiya yau ya ƙi shiga magazin.

Wajen zaunar da kai, kada ka kai iyaka. Hancin irin waɗannan kawuna ba ya zama daidai, ɗaya yakan ɗara wani da ɗan kaɗan. Saita a wajen 2.250, ka auna guda goma, ka tabbata mafi tsawonsu yana zamewa a magazin ba tare da gogar bango ba.

Kafin ka zuba albarushi a ko ɗaya, haɗa na gwaji marar firaima marar albarushi. Auna shi, saka a magazin, saki sakata ta buga shi ciki da cikakken ƙarfinta, fitar ka sake aunawa. Maimaita sau uku. In ya gajarta, wuya bai riƙe ba, kuma kai da ya koma ciki yana ɗaga matsin wuta. Wuya ya kamata ya fi kai ƙunci da inci 0.002 zuwa 0.003. In har yanzu yana motsi, a ɗan tsuke bakin kwanson, amma da sauƙi, don tsukewa mai yawa tana ɓata kai marar tsagi.

A filin harbi, ɗauki kowane kwanso ka juya gindinsa. Firaima ta baje ko ta faɗo, tabo mai ƙyalli inda ƙusar fitarwa ta danna, gefen gindi ya lanƙwashe saboda fizga: ka ga ɗaya daga cikinsu, tsaya nan, ka kwance sauran na wannan zubin, ka koma adadin da ke ƙasa da shi.