Kurakuran da aka fi yi wajen koyar da duniyoyin da ke kewaya rana

Yawancin kurakuran da ɗaliban ƙaramar sakandare (JHS) a Gana ke ɗauka zuwa jarrabawar kammala ta (BECE) a wannan darasi daga hoton da ke manne a bangon aji suke fitowa. A makarantun unguwannin Nima, Mamobi da Sabon Zango na Akara za ka ga hoton: rana a gefe, duniyoyi jere kusa da juna, kusan girmansu ɗaya. Mai zane ya matse su ne don su shiga takarda, yaro kuwa ya ɗauka haka suke.

Gyaran wannan a fili ake yinsa. Malam, ɗauki ƙwallon ƙafa mai faɗin santimita 22 a matsayin rana, ka ajiye ta a bakin fili. A wannan ma'auni duniyarmu ƙwayar gero ce mai milimita 2, kuma mita 24 za a auna kafin a ajiye ta. Makuri yana mita 9, Benus mita 17, Mas mita 36. Jupita ɗan dutse ne mai santimita 2 da ɗoriya a mita 123, wato ya riga ya wuce tsawon filin ƙwallo. Satun yana mita 225, Yuranus wajen 450, Naftun kuwa sai an yi tafiyar mita 710. A sa yara su taka da ƙafarsu, ko da iyakar Jupita ce. Wanda ya taka ba zai sake cewa duniyoyin suna dab da juna ba, kuma zai gane dalilin da ya sa Makuri ke gama zagayensa cikin kwana 88, Naftun kuwa sai shekara 165.

Idan hoton yana nuna duniyoyi tara, ya tsufa. A 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta zauna a birnin Furag ta mayar da Fuluto rukunin ƙananan duniyoyi, domin bai share hanyarsa daga sauran tarkacen da ke zagaye tare da shi ba. Takwas ne. Wata kuma ba ya cikinsu, tunda mu yake kewayawa.

Kuskuren da ya fi cin maki shi ne cewa Makuri ya fi kowa zafi tunda shi ne mafi kusa da rana. Hankali yana karɓar wannan da sauri, amma Benus ce ke gaba. Makuri kusan ba shi da iskar da za ta riƙe zafi: da rana yakan kai digiri 430, da dare ya faɗi zuwa 180 ƙasa da sifiri. Benus kuwa lulluɓe take da iskar kabon mai kauri wadda ke barin zafi ya shiga ta hana shi fita, shi ya sa take tsaye a wajen digiri 465 dare da rana. A koya wa yaro dalilin, amsar za ta biyo da kanta. Haka jan launin Mas ba wuta ba ne, tsatsar ƙarfe ce a cikin ƙasarsa, kuma matsakaicin yanayinsa wajen digiri 60 ne ƙasa da sifiri.

Ana kuma cakuɗa juyawa da kewayawa. Juyawar duniya a kan kanta ke ba da yini, kewaya rana ke ba da shekara. Benus ce ta fi fito da bambancin: juyi ɗaya yana ɗaukar mata kwana 243, alhali kewayen rana 225 ne kawai. Jupita da duk girmansa yana gama juyi cikin awa 10. Kada kuma a ce sanyin hunturu nisa da rana ke kawo shi. A farkon Janairu, lokacin da hazo ya rufe Akara da Kumasi, a lokacin ne muka fi kusa da ita, kilomita miliyan 147. A Yuli miliyan 152 ne. Karkatar duniya da digiri 23.5 ke sauya yanayi.

Zobe ba Satun kaɗai ke da shi ba. Jupita, Yuranus da Naftun ma suna da nasu, sirara ne kawai. Yawan watannin Jupita da Satun kuwa kada a matsa wa yaro ya haddace daga tsohon littafi, domin ana ta gano sababbi. Abin da ba ya sauyawa: Makuri da Benus ba su da wata, mu muna da ɗaya, Mas biyu.

Abin da ya fi damunmu shi ne yaran da ke zaton ba a ganin duniyoyi sai da na'ura. Biyar ana ganinsu da ido. Gamzakin da masu zuwa sallar asuba ke gani a gabas, da Zara da ke haskawa a yamma bayan magariba, duka Benus ce, wadda malamai suka sani da Zuhura. Tana sauya gefe ne cikin zagayen kwana 584, kuma a yankinmu ba a taɓa ganinta da tsakar dare. Tauraro yana ƙyaftawa, hasken duniya kuwa galibi a tsaye yake. Da tabarau mai hangen nesa da aka jingine a kan katanga don kada hannu ya yi rawa, ana iya ganin manyan watannin Jupita huɗu da Galileyo ya gani a 1610. Fitilun gari da hazon hunturu suna rage gani, don haka a zaɓi daren da sama ta washe, a juya wa fitila baya. Rana kuwa kada a taɓa kallonta da tabarau ko madubin hange, domin tana ƙona ido nan take.