Babi na Shida: Tabo da Gyambon da Ya Ƙi Warkewa

Darasi na 1: Tabo a fatar ido

Kolestarol wani maiƙo ne da ke yawo cikin jini. Hanta ce ke yin mafi yawansa, sauran daga abinci yake zuwa. Wani lokaci yakan taru a fata. Ku ɗauki madubi ku dubi fatar idonku ta gefen hanci. In kun ga tabo ruwan ɗorawa, mai laushi, ba zafi ba ƙaiƙayi, ku kwantar da hankali, wannan ba ciwon daji ba ne. Amma a je a gwada jini, don kusan rabin masu irin tabon nan maiƙon ya yi musu yawa.

Darasi na 2: Rubuta rana

Abin tsoro shi ne gyambon da ya wuce mako 4 bai warke ba, musamman a kan tsohon tabon ƙuna, ko baƙin tabo a tafin ƙafa da ke ƙara faɗi. Tambayar likita ta farko ita ce, "Yaushe ya fara?"

Ku buɗe shafin ƙarshe na littafinku. Ku fara da rana, sannan wata, sannan shekara, kamar haka: 5/3/2024. Rana ce farko. Ku shimfiɗa zare a gefen tabon, ku yanke zaren daidai tsawon tabon, ku manna shi a ƙarƙashin ranar. Bayan mako guda a sake, da sabon zare da sabuwar rana. Hannu na rawa? Ba komai, Baba, a hankali. Inna, sake rubutawa, kin kusa.

Rana, wata, shekara. Zare ba rana aikin banza ne. Haba jama'a! "Tun damina" ba amsa ba ce, damina nawa aka yi? Ku rubuta ranar tukuna, kafin ku taɓa zaren.

Darasi na 3: A asibiti

Likita kan yanki ɗan tsoka kaɗan a duba da na'ura. Inda nama ya mutu, kolestarol kan daskare siriri-siriri kamar allura. Ana ganin haka a ƙullutun da ba shi da illa, ana kuma gani a wasu cututtukan daji na fata, don haka likita ne kaɗai zai rarrabe. Kada a matse, kada a kai wa wanzami. Ku tafi da littafin.

Darasi na 4: Zabiya

Hasken rana shi ne babbar illa ga fatarsu. Malafa, riga mai dogon hannu, zama a inuwa. A duba kunne da wuya duk wata, a rubuta ranar.