Darasi na 9: Aikin rabin lokaci

Karanta wannan sanarwa da ƙarfi, sannan ka kwafe ta a littafinka:

"Ana neman mai aikin rabin lokaci, sa'o'i 4 a rana."

Aikin rabin lokaci shi ne wanda sa'o'insa ba su kai na cikakken ma'aikaci a wannan wurin ba. Kada kalmar "rabi" ta ruɗe ka. In abokan aikinka suna yin sa'o'i 40 a mako, kai kuma kana yin 30 ko 12, duk sunansa ke nan.

Mutane da yawa sukan kira shi aikin wucin gadi, alhali kowanne da ma'anarsa. Wucin gadi yana nufin aikin ba zai daɗe ba: wata uku, ko zuwa a gama gini, sai a sallame ka, ko da kullum tun safe har yamma kake yi. Ita kuwa wadda ta shekara goma tana aikin safe kaɗai, aikinta na dindindin ne, sa'o'inta ne dai kaɗan. Ka lura da wannan sosai kafin ka sa hannu a takarda, domin a nan ake cutar mutane.

A shekarar 1994 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 175 a kan wannan aiki. Ta ce kada a rage wa mutum kuɗin sa'a ɗaya don kawai sa'o'insa kaɗan ne. Yana da haƙƙin shiga ƙungiyar ƙwadago, da hutun shekara daidai gwargwadon aikinsa, mace kuma tana da kariya lokacin haihuwa. Sai dai yarjejeniyar tana hawa kan ƙasashen da suka amince da ita ne kawai, don haka ka tambayi abin da dokar ƙasarku ta ce.

Akwai kuma lokacin da kasuwa ta ja baya, kamfani ya rage wa kowa sa'o'i na ɗan lokaci maimakon ya kori wasu. Wannan rage sa'o'in aiki ne, yarjejeniyar ba ta lissafa waɗannan ma'aikata cikin masu rabin lokaci ba. A Jamus in haka ta faru gwamnati kan biya ma'aikaci kashi 60 cikin 100 na albashin da ya rasa, mai 'ya'ya kuma kashi 67.

Aikin gida: Cikakken ma'aikaci yana yin sa'o'i 40 a mako, hutunsa kwana 20 a shekara. Kai kana yin sa'o'i 20. Kwana nawa ne hutunka? Rubuta amsar da cikakkiyar jimla.