Idan faɗuwar gaba ta taso ba gaira ba dalili

'Yan uwa, abin nan ya taɓa kama ni a cikin adaidaita sahu: zuciya na dukan uku-uku, hannu na karkarwa, numfashi ya ƙi cika. Wallahi na ɗauka tafiyar ce ta zo. Likita ya auna ni, ya ce zuciyata lafiya lau, firgici ne.

In ya taso muku, ku zauna, ku ja numfashi ta hanci kuna ƙirga 4, ku sake shi a hankali ta baki kuna ƙirga 6. Yawanci cikin minti 10 yake kai maƙura, sai ya fara lafawa. Ni dai na rage goro da kofi, don suna ƙara zuga shi.

Amma in karon farko ne, ko ciwon ƙirjin na gangarawa hannu, ku wuce asibiti kai tsaye.