Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Saka wa Motar Lowrider Haidirolik

Lowrider mota ce da aka sauke jikinta ya kusa taɓa ƙasa, haidirolik kuma shi ne famfo da mai da ke ɗaga ta su sauke ta. A unguwannin 'yan asalin Meziko na Kalifoniya wannan sana'a ta samo tushe. Dokar jihar ta 1958 ta hana a sauke jikin mota ƙasa da gindin rim, shi ne wani mai suna Ron Aguirre ya saka wa motarsa ƙirar Corvette famfon haidirolik na jirgin sama a 1959, yana ɗaga ta yana sauke ta da maɓalli. Har gobe sabbin shiga a wuri ɗaya suke tuntuɓe: hankalinsu na kan famfo, sun manta da abin da zai ɗauki nauyinsa.

Firam, wato ƙarfen da jikin mota ke zaune a kai, shi ne farkon magana. Kamfani bai ƙera shi don tsalle ba. Chevrolet Impala ta 1964, wadda aka fi so a wannan harka, firam ɗinta mai siffar X ne, kuma idan aka ɗora masa silinda (waɗanda matsin mai ke turawa su ɗaga motar) da batura ba ƙarfafawa, yakan tsage ko ya lanƙwashe. Alamar farko, ƙofa ta fara gardamar rufuwa. Gyaran shi ne a yi masa waldar farantin ƙarfe mai kaurin inci 3/16 zuwa 1/4, musamman mazaunin sifirin da baka-bakan da ke saman tayoyin baya, tun kafin a sayi famfo. Maɗaurin batura ma a firam ake masa walda, don kwanon but ba zai riƙe shi ba.

Sai wuta, wadda ta fi ba ni tsoro. Injin famfon na bolt 12 ne, amma ana jera batura a kai shi 36, 48, har 72. Idan cajin batura ya yi ƙasa, solenoid, wato makunnin da ke kai wa famfo wuta, kan liƙe, famfo ya ƙi tsayawa, wayoyi su ɗau zafi kusa da mai. Motoci masu kyau sun ƙone ta haka. A saka abin cire wayar nagatif inda hannun direba zai kai nan take, a riƙa cajin batura kafin fita, kuma a riƙa ɗan taɓa maɓalli ana saki, kada a danne shi.

Kada a zuba man birki, yana cinye robobin silinda. Man haidirolik ake sa wa. Tiyo kuwa sai mai jure matsi, nesa da salansa. Idan mota na tashi da gargada, iska ce a layin, a fitar da ita.

Don Allah kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da silinda kaɗai ke riƙe da ita. Tiyo ɗaya ya fashe, ta faɗo. A kafa mata matokaran ƙarfe a ƙarƙashin firam tukuna.