Masu juna biyu, ku sha hantsi a tsakar gida

'Yar'uwa, bitamin D kyauta ne, a rana yake.
Idan hantsi ya ɗaga sosai, zauna a tsakar gida kamar minti 20, hannuwa da ƙwauri a buɗe. Ki haɗa da tsintar wake ko wanki.

Fata ce ke haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta, kuma baƙar fata ta fi ɗaukar lokaci. Ga mu kullum cikin ɗaki ko cikin hijabi.
Idan ya yi ƙaranci, jiki ba ya tsotsar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, yadda ya kamata. Ke ki fama da ciwon ƙashi da kasala, jariri kuma ya zo da ƙashi mai rauni, har ƙafafu su gwame daga baya. Ana ma danganta ƙarancinsa da hawan jinin ciki, wanda ke iya kaiwa ga jijjiga.

Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta aiki. Ta sassafe ma ba ta da ƙarfi, haka lokacin hazo mai kauri.
Sai ki ƙara da kifin sadin da gwaiduwar ƙwai.
Ki tambaya wajen awo ko kina buƙatar ƙwayar bitamin D. Kada ki saya da kanki, yawansa ma illa ne.